Tambaya da Amsa: An Kawo Mini Zanen Sinawa, Rabinsa Fari Fat

Tun da 'yan kasuwarmu suka saba da hanyar Gwanzu, birnin kasuwancin nan na ƙasar Sin, ba tayil da fitilun sola kaɗai ke shigowa Zariya ba. Cikin wata biyu na ga naɗaɗɗun zane-zanen Sinawa a falo uku, ɗaya a Gyallesu, biyu a Samaru, ga shi kuma wasiƙu sun fara zuwa a kansu. Na haɗa guda huɗu wuri ɗaya. Ta farko ce za ta ci mafi yawan filin, don ita ce uwar sauran.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ƙanena da ke zuwa sarin kaya ƙasar Sin ya kawo mini tsarabar wani zane a naɗe kamar tabarma, da sanda a sama da ƙasa. Tsawonsa ya kusa kai na ƙofar ɗaki. Duwatsu ne da bishiyoyi da wata 'yar bukka, duk da baƙar tawada, babu launi ko ɗaya sai wasu jajayen tambura a gefe. Kusan rabin takardar fari ne fat. Uwargida ta ce ba a gama zanen ba aka sayar wa yaron, abokina kuma ya ce kamar an zubar da ruwan wankin allo a takarda. Ni dai na rataye shi a falo don kada ƙanena ya ji babu daɗi, amma tsakani da Allah ban san abin da ake kallo a jikinsa ba.
Daga wani mai shagon kayan gini, Sabon Gari.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. A gaishe mini da uwargida, a ce mata ta wannan fuskar dai ba a cuci yaron ba, an gama zanen. Abokinka kuwa, yana tsokana ne amma ya taka gaskiya bai sani ba, domin tawadar Sinawa 'yar uwar tawadar allo ce. Mu muna ƙona itace mu daka gawayin, mu haɗa da ƙaro, mu zuba a kurtu. Su kuma suna tara baƙin hayaƙin itace ko na mai, su cuɗa shi da manne da aka dafa daga fatar dabba, su busar da shi ya zama ɗan sanda mai tauri. In za a yi aiki sai a ɗiga ruwa a kan wani dutse mai santsi, a yi ta goga sandan kamar yadda tsofaffi ke goga magani, har tawada ta fito. Ruwan da aka sa shi ke yanke hukunci. In kaɗan ne, ta fito baƙa wuluk. In an ƙara, ta yi toka-toka. In an ƙara sosai, sai ta zama kamar inuwar gajimare a ƙasa. Shi ya sa suke cewa tawada launi biyar gare ta. Ka matsa kusa da naka ka ƙirga, ina kyautata zaton za ka samu baƙi iri huɗu ko biyar a inda kake zaton iri ɗaya ne.

Sai batun farin. Ni ma na taɓa zama inda uwargida take. Lokacin ina ɗalibin zane a Samaru, na ci karo da hotunan irin waɗannan ayyuka a wani littafi a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim. Na juya shafukan da sauri, na ce a raina mutanen nan akwai rowar tawada. Abin da na taso da shi tun firamare shi ne mai zane ya cike takardarsa daga kusurwa zuwa kusurwa, sama shuɗiya, ƙasa ja, kada a bar ko tafin hannu. Wata safiyar Disamba ce ta warkar da ni. Ina kan keke daga Wusasa, hazo ya sauka har ba ka ganin mai tahowa sai ya zo dab da kai. Na ɗaga kai wajen Kufena, sai na ga kan dutsen shi kaɗai a sama, baƙi-baƙi, gindinsa babu, gonakin da ke kewaye da shi babu, kamar an rataye shi da zare. Na sauka daga keken na tsaya. Dutsen nan na san shi tun ina yaro, na hau shi ya fi sau goma, amma ban taɓa ganin girmansa ba kamar ranar da aka ɓoye mini rabinsa.

To aikin da farin ke yi a zanenka ke nan. Wani wuri hazo ne, wani wuri kogi, wani wuri sama, wani wuri kuma tafiyar yini guda ce tsakanin dutsen gaba da na baya. Abin da ke bakin farin shi zai gaya maka ko wanne ne. In ka ga kwalekwale a tsakiyarsa, ruwa ne, ko da ba a ja igiyar ruwa ko ɗaya ba. In gindin dutse ya yi ta dusashewa har ya narke a cikinsa, hazo ne. A zamanin daular Song ta Kudu, wadda ta yi mulki daga 1127 zuwa 1279, an yi wani mai zanen fada mai suna Ma Yuan wanda ya saba tura duk abin da zai zana zuwa kusurwa guda ya bar sauran fili, har aka yi masa laƙabi da Ma Mai Kusurwa Ɗaya. Akwai wani ƙaramin zane da ake jingina masa: masunci shi kaɗai a kwalekwale, 'yan layukan ruwa kaɗan a gefensa, shi ke nan. Amma in ka kalle shi sai ka ji faɗin kogin da sanyinsa. Da an cike wurin da shuɗin fenti, da kogin ya tsaya inda fentin ya tsaya.

Irin wannan zane sunansa shanshui a harshensu, wato dutse da ruwa, kuma ba a tsaye wuri guda ake kallonsa ba. Nan ne yawancinmu muke ɓata hanya, kuma ina da hannu a laifin, don na shekara talatin ina koya wa yaran sakandare zanen layin dogo: ka tsaya a tashar jirgin Sabon Gari, ka ga ƙarafan nan biyu suna matsowa juna har su haɗe can nesa. Dabara ce mai kyau, daga Turai ta zo mana, amma tana kafe mai kallo a wuri ɗaya kamar mai ɗaukar hoto. Mai zanen Sin tafiya yake yi da kai. A takarda guda zai nuna maka bishiyar gaba kamar kana tsaye a gindinta, ya nuna maka rufin bukka kamar kana leƙo ta daga tudu, ya nuna maka ƙololuwar dutse kamar ka ɗaga kai har hularka na neman faɗuwa. Wanda ya zo da idon kyamara sai ya ce an yi kuskure.

Wani mai zanen fadar sarki a ƙarni na 11, Guo Xi, ana furta sunan kamar Gwo Shi, wanda shahararren aikinsa na farkon bazara ke ɗauke da shekarar 1072, ya kasa nisa gida uku. Akwai nisan tsawo, wato kana gindin dutse kana duban samansa. Akwai nisan zurfi, kana gabansa kana leƙa abin da ke bayansa. Akwai nisan shimfiɗa, kana kan dutse na kusa kana hangen na nesa. Duk wanda ya taɓa hawa Kufena ya yi ukun nan da ƙafarsa: ka tsaya a ƙasa ka ɗaga kai, ka kutsa tsakanin manyan duwatsu kana leƙe, sa'an nan ka kai sama ka ga gari ya baje har inda ido ya gaji. Shi mai zanen ukun yake haɗa maka a takarda ɗaya. Guo Xi ya kuma ce akwai yanayin ƙasar da za a ratsa a wuce, akwai wanda za a tsaya a kalla, akwai wanda za a yi yawo a cikinsa, akwai wanda za a zauna a cikinsa, kuma biyun ƙarshe ya fifita.

Saboda haka ga yadda za ka yi da naka. Ka fara daga ƙasa, ka nemi ƙofar shiga: 'yar hanya, ko gada, ko bakin rafi. Ka bi ta da ido a hankali. Za ta ɓace a bayan wani dutse, kada ka damu, ka neme ta can sama, za ta ɓullo. Inda hazo ya yanke ta, kai za ka ƙarasa tafiyar a zuciyarka.

Bari in ba ka misali da wanda na fi so a duk cikinsu, kuma kana iya neman hotonsa a wayarka. Fan Kuan ne ya zana shi a kan siliki wajen shekarar 1000, yana nuna matafiya a cikin duwatsu da ƙoramu, tsawonsa ya ɗan haura mita biyu, yanzu yana gidan adana kayan tarihin fada da ke birnin Taipei na Taiwan. Wani ƙaton dutse ne ya tokare kusan kashi biyu cikin uku na zanen, baƙi, a tsaye kamar ganuwa. A gefen dama ruwa na gangarowa daga sama, siriri kamar farin zare. Ƙarƙashin dutsen hazo ne. Sai ka gama shan mamakin wannan duka, sa'an nan idonka zai sauko can ƙasa ta dama ya tsinci ayarin dabbobi ɗauke da kaya suna fitowa daga cikin itatuwa da masu kora su, ƙanana kamar tururuwa. Ranar da na fara lura da su, fataken Gwanja ne suka faɗo mini a rai, waɗanda kakata ke ba mu labarinsu, da jakunansu da tafiyar watanni. Da zarar ka ga ƙanƙantarsu sai dutsen ya ƙara ninkawa a idonka. Kuma ka ji wani abu: mai zanen ya sa hannunsa a jikin aikin, amma ya ɓoye sunan a cikin ganyayen da ke bayan ayarin, ba a gano shi ba sai a 1958. Kusan shekara 950 ke nan.

Game da 'yar bukkar da ka ambata, ka duba ko akwai mutum a ciki. Yawancin masu irin wannan zane malamai ne kuma ma'aikatan hukuma, waɗanda aikin fada ya isa, bukkar nan ita ce mafarkinsu, kamar dai ma'aikacin Kaduna da kullum yake cewa in ya yi ritaya zai koma gonarsa ta Shika ya huta da hayaniya. Lokacin da Mongol suka mulki Sin, daga 1271 zuwa 1368, da yawa daga malaman nan sun ƙaurace wa aikin hukuma suka koma ga tawada da waƙa. Ɗaya daga cikinsu, Ni Zan, wanda ya rayu daga 1301 zuwa 1374, ya shahara da zana 'yan bishiyoyi a gaba, faffaɗan ruwa a tsakiya, tuddai can nesa, da rumfa wadda babu kowa a cikinta. Tun kafin su ma, wani dattijo mai suna Zong Bing da ya rasu a 443, da tsufa da ciwo suka hana shi hawa duwatsun da ya yi yawo a cikinsu yana saurayi, sai ya zana su a bangon ɗakinsa ya ce zai riƙa yawonsa daga kwance. Da ina matashi labarin nan dariya yake ba ni. Yanzu da gwiwa ta hana ni Kufena, na daina dariya.

Saura abu ɗaya, shi ne hannu. Burushin da suke rubutu da shi, da shi suke zane, kuma takardarsu mai shan ruwa ce, abin da ya sauka ya sauka. Allo ana wanke shi a sake, wannan ba a wankewa. Don haka kowane layi yana tona asirin mai shi, ko ya yi shakka, ko ya yi gaggawa, ko hannunsa ya zauna. Yadda alaramma zai dubi shafi ɗaya na rubutun hannu ya ce wannan ya iya riƙe alƙalami, wancan kwaikwayo yake, haka masanansu suke duban dutse a zane. Har sunaye suka raɗa wa salon jan layin jikin dutse: akwai mai kama da saran gatari, akwai mai kama da zaren rama da aka warware, akwai ɗige-ɗige kamar yayyafi, wanda shi Fan Kuan ya yi amfani da shi. Ka sa tabarau ka matsa har hancinka ya kusa taɓa takardar. In ka ga layi ɗaya ya fara da kauri, ya sirance, ya bushe har farin takarda na leƙowa ta tsakiyarsa, sa'an nan ya sake jiƙewa, hannu mai rai ne ya ja shi. In kuwa duk layukan nauyinsu ɗaya, bishiyoyin kamar an buga su da hatimi guda, to aikin a-gama-a-sayar ne. Ba zan ɓoye maka ba, biyu daga cikin ukun da na gani a garin nan irin wannan ne. Ko da naka ya zamo haka, yana iya koya maka kallo, kamar yadda ake koyon tuƙi da tsohuwar mota.

Ka ja kujera gabansa gobe bayan Asuba, kafin ka fita shago, ka ba shi minti goma da kofin shayi a hannu. Ka kira uwargida ku nemi hanyar tare.

TAMBAYA: Baba, ina karatun zane a jami'a. Tsofaffin zane-zanen Sinawa da nake gani a intanet duk an cika su da jajayen tambura da rubuce-rubuce, wani har a tsakiyar sama. Wannan ba ɓata aikin mutum ba ne? Kuma waɗanda suke da tsawo kamar rawani, a wane bango ake rataye su?
Daga wata ɗaliba, Samaru.

AMSA: 'Yata, tambayarki ta biyu ta fi sauƙi: ba a rataye su. A kan tebur ake buɗe su, daga dama zuwa hagu kamar karatun ajami, kamu ɗaya a lokaci guda, hannun hagu na warwarewa, na dama na naɗewa. Mutum biyu ko uku ne ke zama a kai, ba taro ba. Kina wucewa daga bakin kogi zuwa ƙauye zuwa tsauni, abin da ya wuce ya shige naɗi, abin da ke gaba ba ki san shi ba tukuna. Hoton da kike gani a waya, wanda aka baje shi gaba ɗaya ya zama siririn layi, ya kashe wannan daɗin. In kin samu hoto mai kyau, ki faɗaɗa shi ki riƙa ja da yatsa daga dama.

Tambura kuwa iri biyu ne. Akwai na mai zanen, wanda shi ne sa hannunsa, sau da yawa tare da 'yar waƙa ko bayanin ranar da ya yi aikin da wanda ya yi wa. Wannan cikin zanen yake, an tanadar masa wuri tun farko. Sauran na waɗanda suka mallaki zanen ne a bayansa, kowa ya buga nasa, wani ya ƙara da sharhi. A wurinsu wannan kamar silsila ce, ana bin ta a san ta hannun wa da wa abin ya biyo.

Amma kin yi gaskiya, akwai masu wuce gona da iri, kuma sarkinsu sarki ne na gaske: Qianlong, sarkin Sin wanda ya hau gadon mulki a 1735 ya sauka a 1796. Ga labarin da nake so a kansa. Wani mai zane, Huang Gongwang, ya fara zanen duwatsun Fuchun a 1347 yana dab da shekara tamanin, ya ɗauki shekaru yana ƙara masa kaɗan-kaɗan in ransa ya so, rubutun da ya yi a jikinsa na 1350 ne. Bayan shekara 300, a 1650, attajirin da zanen ke hannunsa ya ga mutuwa ta zo, ya ce a ƙona shi ya tafi da abinsa. An jefa a wuta, wani ɗan ɗan'uwansa ya fizgo shi, amma ya riga ya rabu biyu. Daga baya wani kwafe na zanen ya shigo fadar Qianlong, sarki ya ce wannan ne na asali, ya yi ta rubutu a kansa fiye da sau 50 har ya cinye kusan duk farin da ke ciki. Da na gaskiyar ya iso fada, sai ya ce jabu ne, aka ajiye shi gefe. Kuskuren sarki shi ya tsirar da shi. Yau guntun, mai kimanin santimita 51, yana birnin Hangzhou na ƙasar Sin, dogon kuma, mai fiye da mita shida, yana Taipei. Sai a 2011 aka jera su wuri ɗaya a baje koli, karo na farko tun ranar wutar.

Tun da ɗalibar zane ce ke, ga ƙari. Wani masaninsu na ƙarni na 6, Xie He, ya jera sharuɗɗa shida na zane mai kyau. Na farko shi ne aikin ya zama da rai yana numfashi, na biyu ƙarfin jan burushi, kamanni da abin da aka zana sai a na uku ya zo, na shida kuma kwaikwayon magabata. Don haka ki kwaikwaya, babu kunya a ciki. Sai dai ki tuna a wace makaranta kike. A nan Zariya ne a 1958 su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suna ɗalibai, suka kafa ƙungiyar da ta ce a ɗauki dabarar waje a haɗa da abin gida. In kin gama kwafar duwatsun Sin, ki ɗauki tawadarki ki tafi bakin Kubanni da sassafe cikin hunturu. Na daɗe ina jiran in ga wanda zai yi wa giginya da kuka abin da Sinawa suka yi wa itatuwansu.

TAMBAYA: Malam, ya halatta in rataye irin wannan zane a ɗakina?
Daga wani magidanci, Ƙofar Doka.

AMSA: Ni malamin zane ne, ɗan'uwa, fatawa ba tawa ba ce, kuma kana zaune a garin da malamai suka fi ƙarfin ƙirga. Abin da zan iya gaya maka shi ne ya tabbata cewa Abdullahi ɗan Abbas ya ce wa wani mai sana'ar zane, in ba makawa sai ya yi, to ya zana bishiyoyi da abin da ba shi da rai. Duwatsu da ruwa da itatuwa su ne kusan dukkan irin wannan zane. Sai dai wasu na da 'yan mutane ko dabbobi ƙanana a ciki, wasu kuma babu ko ɗaya. Ka duba naka da kyau, ka ɗauki hotonsa a waya, ka nuna wa malaminka.

TAMBAYA: Maigidana ya dawo da ɗaya daga tafiya, ya ce mai shagon ya rantse masa ya shekara ɗari biyu. Yaya zan gane, kuma yaya zan adana shi? Gefensa ya fara lanƙwashewa.
Daga wata uwargida, Tudun Wada.

AMSA: Hajiya, kada ki gaya wa maigida da kakkausar murya, amma abin da ya shekara ɗari biyu da gaske ba a shagon tsaraba ake samunsa ba, kuma ƙasar Sin tana da doka mai tsauri kan fitar da kayan tarihi. Takarda ta yi ruwan ƙasa ba hujja ba ce, da ruwan shayi ma ana tsufar da ita. Abin da za ki iya ganewa a gida shi ne ko na hannu ne ko na inji. Ki kunna kyamarar waya ki faɗaɗa kan wurin da tawada ta yi toka-toka. In kin ga ƙananan ɗigo a jere kamar na hoton jarida, bugu ne. In kin ga tawadar ta nashe cikin takarda, bakinta ba daidai ba, kamar yadda lalle ke ɗan bin layin fata, to hannu ne ya yi. Na hannu ma ana yin su da yawa don baƙi, saboda haka ki so shi don kyansa, kada a sa shi cikin lissafin gado.

Lanƙwashewar kuwa aikin yanayinmu ne. Zanen takarda ce siririya da aka manna a kan wasu takardun da ƙyallen siliki, da manne na gari, kuma kowannensu yana miƙewa ya tsuke daban. Iskar hunturu tana busar da shi har ya yi tauri, laimar Agusta kuma ta sa ya saki, wani lokaci ya yi fumfuna. Su Sinawan ma ba sa barin zane a bango shekara da shekaru, suna ratayewa na ɗan lokaci su naɗe su sauya wani. Ki yi haka. In ƙura ta yi tsanani ko damina ta yi nisa, ki sauke shi. Kada ki rataye shi inda rana ke faɗawa ta taga, ko a bangon da ke tsattsafo da ruwa, ko kusa da kicin. Na san wannan zai yi wuya, amma ki nisanta shi da kaskon turaren wuta, hayaƙin yana zama a takarda ba ya fita.

In za ki naɗe, ki wanke hannu ki shanya, ki fara daga sandan ƙasa, fuskar zanen tana ciki, a hankali, kada ki matse. Ki nannaɗe shi da farin ƙyalle mai tsabta ki kwantar a saman durowa, nesa da ƙasa, don gara da kyankyasai suna son mannen garin nan kamar tuwo. In ƙura ta hau, burushi mai laushi ya isa, ruwa kada ya taɓa shi ko ɗigo. In ya yage, kada ki sa salatif. Ni na yi wannan gangancin da wani ɗan ƙarami da aka ba ni kyauta, bayan shekara biyu na ɓare salatif ɗin, ya taho da rabin gada da ƙafar wani ɗan tsoho da ke tsallaka ta.